Yanni: Makaɗin Da Ake Yi Wa Dariya A Gida, Ana Buɗe Masa Ƙofar Taj Mahal A Waje

A daren 25 ga Satumba, 1993, wani mutum mai dogon gashi da kaurin gashin baki, sanye da fararen kaya tun daga sama har ƙasa, ya tsaya tsakanin jerin fiyano masu aiki da lantarki a gindin tsaunin Akrofolis da ke birnin Atina na ƙasar Girka. Dandalin dutsen da ya tsaya a kai, wani attajiri mai suna Herodes Atticus ne ya gina shi a shekara ta 161 miladiyya don tunawa da matarsa. Bayansa akwai makaɗa kusan sittin da aka ɗauko daga Landan, 'yan ƙungiyar Royal Philharmonic Concert Orchestra, ga madugunsu Shahrdad Rohani, ɗan Iran, riƙe da sanda. An kashe wa wannan dare dala miliyan biyu, kuma daga aljihun mai fararen kayan kuɗin suka fito. Da abin ya rushe, da shi kaɗai zai rushe.

Bai rushe ba. Faifan da aka naɗa a wurin, Live at the Acropolis, ya fito a 1994, ya hau matsayi na biyar a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, daga baya aka sayar da kwafi fiye da miliyan bakwai a duniya. Kiɗa ne zalla, kusan babu baiti ko ɗaya a ciki. Sunan mutumin Yiannis Chryssomallis, amma duniya Yanni ta sani. A cikin waɗannan shekarun kuma sunansa ya zama abin zolaya a Amurka, har ta kai masu barkwanci a talabijin ba sa buƙatar shirya raha a kansa, ambaton sunan kaɗai ya isa a kwashe da dariya.

Yaya aka yi mutum ɗaya ya haɗa waɗannan biyun, kasuwa irin wannan da raini irin wannan? Ni a ganina tushensu ɗaya ne, kuma Hausawa sun riga sun ba shi suna: gani ya kori ji.

An haifi Yanni a garin Kalamata, a kudancin Girka, ranar 14 ga Nuwamba, 1954. Yana ɗan shekara 14 ya kafa tarihin ƙasa a ninƙayar mita 50. A 1972 ya tafi Amurka, ya shiga Jami'ar Minnesota, ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam yana wankin kwanuka don rufa wa kansa asiri, ya gama a 1976. Bai taɓa zama gaban malamin kiɗa ya yi karatu mai tsawo ba. Bai iya karanta rubutun kiɗa irin wanda makaɗan Turai suke koya tun suna yara ba, sai ya ƙirƙiri nasa alamomin da shi kaɗai yake ganewa. Ya yi shekaru yana yawon gidajen rawa da wata ƙungiyar kiɗan rok mai suna Chameleon kafin ya koma tsara kiɗa shi kaɗai. A riƙe wannan batu na rashin malami, domin zai sake dawowa.

Matsalar mai kiɗa zalla a kasuwar Amurka ta wancan lokaci ita ce rediyo. Gidajen rediyo waƙa suke so, mai amshi, mai minti uku, wadda za a iya rerawa a mota. Wanda rediyo bai sa shi ba kuwa, sai ya nemi wata ƙofar. Ta farko ta buɗe wa Yanni a 1990, lokacin da ya bayyana a shirin talabijin na Oprah Winfrey tare da Linda Evans, 'yar fim ɗin da suke soyayya a lokacin, cinikin faifansa ya tashi cikin 'yan kwanaki. Nan ya gane cewa ta ido mutane suke shiga kiɗansa. Akrofolis ɗin nan gwajin wannan fahimta ne da kuɗi masu yawa.

Ƙofa ta biyu, wadda ta fi girma, ita ce PBS, gidan talabijin na al'umma a Amurka. Tashoshinsa ba su dogara da talla irin na sauran ba, don haka sukan ware wasu makonni a shekara suna roƙon gudummawa daga masu kallo. A irin waɗannan makonni suna buƙatar shiri mai ɗaukar ido da zai hana mutum sauya tasha, a katse shi lokaci-lokaci a ce ga lambar waya, wanda ya ba da kaza za a aika masa da kaset kyauta. Wasan Akrofolis ya dace da wannan buƙata kamar an auna. Tashoshin suka yi ta maimaita shi, suna samun gudummawa, shi kuma yana samun tallan da ba zai iya saye ba. Ke nan Yanni ya isa falon miliyoyin gidaje ba tare da ya bi ta hannun mai sharhin kiɗa ko ɗaya ba.

Ba shi ya fara wannan salo ba. Jean-Michel Jarre na Faransa ya tara dubban ɗaruruwan mutane a dandalin Concorde na Paris tun 1979, ya yi wasa a Sin a 1981. A Yulin 1990 manyan mawaƙan ofera (wasan kwaikwayon Turawa da ake rerawa da waƙa) uku, Pavarotti da Domingo da Carreras, sun yi waƙa a kufan wuraren wankan Caracalla a Roma, faifan ya yi kasuwar da kiɗan gargajiyar Turai bai taɓa gani ba. Abin da Yanni ya ƙara shi ne ya mayar da abin sana'a mai maimaituwa. Wasu suka bi sawu. John Tesh, wanda ya taɓa kaɗa fiyano a tawagar Yanni, ya yi nasa a Red Rocks na jihar Colorado, PBS ta nuna shi a 1995. Shi ma, ba mamaki, ya shiga sahun waɗanda ake zolaya.

Aikin da ke bayan labule

Mai kallo yana ganin haske da fararen kaya, ba ya ganin wahalar haɗa abubuwa biyu da ba su saba zama tare ba. Babban gungun makaɗa irin na Turai, wanda ake kira okestira, an gina shi ne don rufaffen zaure, inda sautin gogen Turawa talatin yake cika ɗaki ba tare da lasifika ba. A fili kuwa iska ce ke cinye sautin, ga kuma mai ganguna na zamani a gefe wanda shi kaɗai zai iya danne su duka. Dole a maƙala wa kusan kowane kayan kiɗa makirufo, a zaunar da injiniyoyi suna daidaita wanda zai fito da wanda zai lafa. Makaɗan okestira kuma takarda suke bi, kowa da tasa a gabansa. Tun da maigidan ba ya rubuta irin wannan takarda, sai wani ya ɗauki abin da ya tsara ya rarraba wa kowane rukuni nasa kason. A Akrofolis, Rohani ne ya ɗauki wannan nauyi. Masu suka sun riƙe wannan a matsayin hujjar cewa Yanni ɗan gaban hoto ne kawai. Hujjar ba ta da ƙarfi sosai, domin masu tsara kiɗan fim da yawa haka suke aiki.

Sai kuma izini, wanda ya fi komai wuya. A Maris ɗin 1997 Yanni ya nufi Taj Mahal a Agra ta ƙasar Indiya. An kafa dandamalin a ɗaya gaɓar kogin Yamuna, yadda ginin zai fito a bayan makaɗa. Amma wannan gaɓa gonakin mutane ce. Wasu manoma da aka share musu amfanin gona suka yi barazanar cinna wa kansu wuta idan ba a biya su diyyar da ta dace ba, sai da Yanni ya gana da su aka sasanta. Masu kare muhalli suka garzaya kotu, suna cewa ƙara da hasken fitilu da hayaƙin motoci za su cutar da farin dutsen. Ba tsoron banza ba ne: a ƙarshen 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta umarci masana'antun da ke kewaye da ginin su daina ƙona kwal saboda yadda dutsen ke sauya launi. Kotun ta bari a yi wasan bisa sharuɗɗa, aka taƙaita ƙarar, aka ce ribar za ta tafi ga kula da ginin. Wata biyu bayan haka, a Mayu, ya yi wasa a Haramtaccen Birni na Beijin, fadar sarakunan Sin ta dā. Aka haɗa biyun a faifan Tribute. Wanda ya kalli faifan zai ga Taj Mahal yana walƙiya cikin dare, ba zai ga manomi ko ɗaya ba.

Me ya sa gwamnatoci suke buɗe masa irin waɗannan wurare da suke hana wasu? Wani ɓangare na amsar yana cikin rashin baitin nan. Jami'in da zai sa hannu a takardar izini ba shi da kalmar da zai tace, ba shi da fargabar cewa mawaƙi zai ɓaro magana a gaban kyamara. Abin da zai samu shi ne awa biyu na hoton ƙasarsa cikin kwanciyar hankali ana yaɗawa a duniya. Sin ta 1997 tana shirin karɓar Hong Kong a watan Yuli, tana son a ga fuskarta a sake. Masar ta 2015 tana neman dawo da masu yawon buɗe ido da suka ƙaurace mata tun juyin juya halin 2011, sai ga Yanni a gaban dalar Giza a ranakun 30 da 31 ga Oktoba. Abin tausayi, a safiyar rana ta biyu ne jirgin fasinjan Rasha ya faɗo a Sinai da mutum 224, abin da ya sake durƙusar da yawon buɗe idon da ake son tayarwa. Saudiyya ma, da ta fara sassauta wa taron kiɗa, yana cikin na farko-farko da ta gayyata a ƙarshen 2017. Rashin magana da ya hana shi shiga rediyo shi ne fasfonsa a fadojin gwamnati.

Daga ina dariyar ta fito

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba zan ce masu suka ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Kiɗan Yanni ba ya son ɓata wa kowa rai. Zai fara a hankali, ya hau, ya kai ƙololuwa inda ganguna da ƙahonni suke haɗuwa, ya sauko lafiya. Da ka ji uku ka san hanyar da na huɗu zai bi. Wanda ya saba da Beethoven ko kiɗan jaz yana neman wurin da mai kiɗa zai jefa shi cikin ruɗu kafin ya fitar da shi, a nan kuwa ba ya samu. Shi ya sa ake kiransa kiɗan ɗakin jiran likita, wanda ake sa wa mutum don kada ya ji tsawon jira. Kantunan faifai kuma suka jera shi a ƙarƙashin lakabin New Age, wato "sabon zamani", tare da kaset-kaset na ƙarar ruwan sama da na masu zaman tunani da turare. Yanni ya sha cewa ba ya son wannan lakabi, ya fi son a ce kiɗan zamani marar waƙa. Bai hana shi zama na ɗaya a jerin New Age na mujallar Billboard sau fiye da goma sha biyar ba, kuma a wannan rukunin aka tsayar da shi takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, sau biyu, bai ci ba.

Amma idan aka saurari zolayar da kyau, kaɗan ne daga cikinta ya shafi kiɗa. Yawancinta kan gashin baki ne, da gashin kai da yake wurgawa baya, da yadda yake lumshe ido yana murmushi, da 'yan jawaban da yake yi tsakanin kiɗa da kiɗa kan ƙauna da haɗin kan 'yan Adam. Al'adar barkwancin Amurka ta shekarun 1990 ta ginu ne kan gatse, mutum ya nuna bai ɗauki komai da zafi ba. Sai ga wani yana faɗin irin waɗannan maganganu da gaske, ba ya ko ƙifta ido. Tun da ta ido ya shigo, ta ido aka kama shi.

Akwai kuma batun su wa ke sauraronsa. Masu cika masa zaure galibi manya ne, mata da yawa a ciki, mutanen da ba su yi karatun kiɗa ba kuma ba sa jin kunyar hakan. Raina makaɗi sau da yawa hanya ce mai ladabi ta raina masu saurarensa. Ga shi kuma ya ari kayan manya: okestira, madugu mai sanda, dandalin da manyan mawaƙan ofera irin su Maria Callas suka taka, alhali bai bi layin da ake bi a kai can ba. Mu ma mun ga irin wannan a gida, lokacin da kiɗan fiyano ya shigo Kano da finafinan Hausa, aka yi ta cewa wannan ai latsa maɓalli ne, ba kiɗa ba, jama'a kuwa suna ta sayen kaset.

Wani abin lura shi ne Vangelis. Shi ma ɗan Girka ne, shi ma bai iya karanta rubutun kiɗa ba, shi ma da fiyanon lantarki ya yi suna, har ya yi nasa gagarumin wasan a kufan wani tsohon wurin bauta a Atina a 2001. Amma ba a mayar da shi abin dariya ba. Bambancin, a ganina, shi ne Vangelis ya ɓuya a bayan finafinai, ya ci kyautar Oscar, ba ya son kyamara. Yanni kuwa kyamarar ce jarinsa.

Akwai abu guda da masu zolaya ba su cika ambata ba, domin sai an kasa kunne ake jin sa. Kusan duk kiɗan da ke rediyon Amurka bugu huɗu-huɗu ne. Yanni kuwa yana yawan gina nasa kan bugu bakwai, a raba shi uku da biyu da biyu. Gwada tafawa: ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu. Za ka ji kamar tafiyar mai ɗingishi kaɗan, amma mai daɗi. Wannan shi ne bugun rawar kalamatianos, rawar gargajiyar Girka da ake dangantawa da garinsu. Santorini, kiɗan da ya buɗe wasan Akrofolis da shi, bugu bakwai ne. Miliyoyin mutane sun haɗiye shi ba su san sun haɗiyi wani abu baƙo ba. Wannan gwaninta ce, ko an so ko an ƙi.

Inda na fi samun matsala da shi

Tun daga Tribute, dandamalin Yanni ya zama kamar taron Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma shi kansa yana alfahari da hakan, yana gabatar da makaɗansa ɗaya bayan ɗaya da sunan ƙasashensu. Ga Pedro Eustache na Benezuwela da tarin sarewa, har da duduk, wata 'yar algaitar Armeniya mai taushin murya da ake sassaƙawa daga itacen afirkot. Ga David Hudson, ɗan asalin Ostareliya, da dijeridu, dogon bututun itacen da gara ta rarake cikinsa. Daga baya ga Victor Espinola na Faragwai da babbar garayar ƙasarsu mai tsirkiya da yawa, ga Samvel Yervinyan na Armeniya da goge. Wannan ake kira kiɗan duniya.

Shi kansa sunan, 'yan kasuwa ne suka daidaita a kansa. A 1987 wasu masu kamfanonin faifai suka zauna a wata mashaya a Landan suna neman sunan da za a rubuta a kan kanta don a san inda za a ajiye faya-fayan Afirka da Asiya da Latin Amurka. Ma'anarsa a aikace ita ce duk abin da ba na Turawan Yamma ba, har masu ba da Grammy suka sauya wa rukunin suna a 2020 saboda wannan ƙorafi. A hannun Yanni abin ya ɗauki wata siffa: tukunyar tasa ce, miyar tasa ce, kayan kiɗan ƙasashe kuwa yaji ne da ake barbaɗawa. Duduk yana da nasa kukan, na makoki da bukukuwan Armeniyawa. Idan ya shigo kiɗan Yanni, sai ya yi minti ɗaya yana bin hanyar da fiyano ya shata masa, a tafa, ya koma gefe. Mai kallo zai tashi yana jin ya zaga duniya, alhali bai bar falonsa ba. Kama da wane ba ta wane.

Misalin da ya fi ba ni dariya shi ne Aria, ɗaya daga cikin kiɗansa mafi shahara. Asalinsa waƙar mata biyu ce daga wata ofera da Léo Delibes, Bafaranshe, ya tsara a 1883, labarin da ya faru a Indiyar da ya ƙaga a ransa. Yanni da Malcolm McLaren, wani mai harkar kiɗa ɗan Ingila, suka sake mata riga, kamfanin jiragen British Airways ya yi talla da ita. Indiyar Bafaranshe, a hannun Bagirken Amurka, don sayar da tikitin jirgin Ingila.

Duk da haka ba zan ce makaɗan nan an ci da guminsu ba. A irin wannan dandamali ne da yawansu suka sami taron da ba za su taɓa samu su kaɗai ba, kuma Yanni, a yaba masa, yana ja da baya ya bar su su yi. Wanda ya kalli wasan Akrofolis zai iya manta komai, amma da wuya ya manta Karen Briggs, baƙar fatar Amurka cikin jar riga, lokacin da Rohani ya ajiye sandarsa ya ɗauki goge suka shiga ba-ni-in-ba-ka. Ita tana zuba salon jaz da na cocin baƙaƙen Amurka, shi yana mayar mata da na makarantar Turai. A wannan 'yan mintoci ba ka tuna akwai wani tsohon gini a baya. Na sha gwada rufe ido in saurari faifan gaba ɗaya, kuma wuraren da suke tsayawa da ƙafarsu ba tare da hoto ba su ne irin waɗannan, da kuma bugu bakwai ɗin can. Sauran, da zarar an cire hasken fitila da duwatsun Herodes, sai su koma sautin da za ka iya yin wanke-wanke da shi.

Farashin wannan hanya shi ma ya biya. Bayan yawon Tribute ya dakata a 1998, gajiya da ƙuncin rai suka kama shi, ya koma Girka wurin iyayensa, bai fitar da wani babban aiki da ya sake hawa hanya da shi ba sai 2003. A 2004 Jami'ar Minnesota, inda ya wanke kwanuka, ta ba shi digirin girmamawa. A 2011 cibiyar kiwon dabbar fanda ta Chengdu a Sin ta ba shi riƙon wata 'yar fanda, ya raɗa mata suna Santorini. A Mayun 2018 kuma, da intanet ta rabu biyu kan wani ɗan sauti da wasu ke jin "Laurel" wasu ke jin "Yanny", sai ga shi ya fito da ɗan bidiyo yana dariya, yana cewa shi dai sunansa kaɗai yake ji.